Yadda ake sa tsarin Lin cikin aikin Ajayil don aiki ya daina kwana a hanya

Akwai ƙungiyoyin rubuta manhaja da yawa da ke bin Ajayil, wato salon gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gyarawa bisa buƙatar mai amfani, sau da ƙafa, amma kwastoma bai gani a ƙasa ba. Ana taron tsaye kowace safiya, ana raba aiki zango-zango na mako biyu, allon Jira, manhajar bibiyar aiki, cike yake da katuna, kowane kati aiki guda, kowa ya duƙufa har ba mai lokacin amsa sallama. Duk da haka gyaran da bai wuce aikin kwana biyu ba sai ya share wata guda kafin ya isa wayar mai amfani. In aka tambayi dalili sai a ce hannu bai isa ba, a ƙaro ma'aikata. Galibi ba a nan gizo ke saƙar ba. Aikin ne yake zaune yana jira, kuma ba wanda aka ɗora wa alhakin lura da wannan jiran.

Sikiram, wanda shi ne salon Ajayil da aka fi sani, ya fi mayar da hankali kan yadda mutane ke tsara kansu: wa ke riƙe da me, yaushe ake zama, kwana nawa ne zango. Lin kuwa, wato tsarin rage ɓarna da jira a aiki, idonsa na kan aikin, daga ranar da aka buƙace shi zuwa ranar da ya shiga hannun mai shi. Tushensa kamfanin motoci na Toyota ne a Japan bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da ba su da kuɗin jibge kaya a sito kamar manyan kamfanonin Amurka. Injiniya Taiichi Ohno da abokan aikinsa suka tsara yadda ba za a ƙera komai ba sai sashen da ke gaba ya nema, suka riƙa amfani da ɗan kati wajen isar da buƙatar. Sunan Lin daga baya ya zo, a 1988, daga John Krafcik da ke bincike a jami'ar MIT ta Amurka. Ita kuwa sanarwar Ajayil mutum 17 ne suka rubuta ta a Snowbird da ke jihar Yuta a Fabrairun 2001, kuma a 2003 Mary da Tom Poppendieck suka shimfiɗa yadda koyarwar Toyota za ta yi aiki a gina manhaja. Jagorar Sikiram da aka sabunta a 2020 ta faɗa ƙarara cewa tunanin Lin na cikin ginshiƙanta. Don haka ba za ku rushe abin da kuke yi ba. Za ku bar zangonku da tarukanku yadda suke, ku ƙara musu abin da ke tafe.

Mataki na 1: Ku bi sawun aikin da kuka riga kuka gama

Kada ku canza komai tukuna. Ku ware awa biyu, ku tara duk wanda aiki ke ratsawa ta hannunsa: mai karɓar buƙatu, mai zana fuskar manhaja, masu rubuta kod (rubutun umarnin da kwamfuta ke bi), mai gwaji, mai sakin manhaja, har da mai sa hannun amincewa in zai samu zuwa. Ku zaɓo katuna goma ko goma sha biyar da aka kammala a watanni biyun baya, masu daɗi da marasa daɗi. Ga kowane kati ku rubuta duk wurin da ya tsaya, da kwanakin da aka yi ana aiki a kansa, da kwanakin da ya yi ba wanda ya taɓa shi. Jira da Trello da GitHub duk suna ajiye tarihin motsin kati, saboda haka ba sai an dogara da tunanin kowa ba.

A ce ƙungiya ce mai gina manhajar biyan kuɗin makaranta, katin kuma shi ne iyaye su iya sauke rasit a waya. Ya yi kwana 6 a layi bayan an amince za a yi shi. Zane ya ci kwana 1, sannan ya jira kwana 3 kafin shugaba ya duba zanen. Rubuta kod kwana 2. Ya jira kwana 2 kafin wani ya samu sararin bitar kod ɗin, bitar da gyaranta kwana 1. Ya kwanta kwana 4 a gaban mai gwaji, gwajin kansa kwana 1. Daga nan ya jira kwana 5 saboda ba a sakin manhaja sai ƙarshen zango. Jimilla kwana 25, aikin hannu a ciki kwana 5 ne, wato kashi 20 cikin 100.

Ku tsaya a kan wannan lissafin, don shi ne zai sauya muku hira. Ko mai rubuta kod ya ninka saurinsa, kwana ɗaya tak aka rage daga 25. In kuwa aka daina jiran ranar saki, an samu kwana biyar ba tare da kowa ya ƙara gumi ba. Yawancin shugabanni suna matsa wa kwana biyar ɗin lamba ne, su bar ashirin ɗin suna sheƙe ayarsu.

Su Poppendieck sun lissafa ɓarna iri bakwai a aikin manhaja: aikin da aka fara ba a ƙarasa ba, ƙarin abubuwan da ba wanda ya nema, sake koyon abin da aka taɓa sani, miƙa aiki daga hannu zuwa hannu, jinkiri, tsalle daga wannan aiki zuwa wancan, da kurakurai. Ba sai kun haddace ba. Ku dubi katunanku ku ga wacce ce ta fi cin ku. A ganina aikin da aka fara ba a ƙarasa ba shi ne uwa uba, domin shi ke haifar da yawancin sauran.

Mataki na 2: Ku sa allo ya faɗi gaskiya

Allon da ke da gida uku kacal, na abin da za a yi, da wanda ake yi, da wanda aka gama, yana ɓoye jira. Katin da ke kwance kwana huɗu a gaban mai gwaji yana nan a gidan “ana yi” alhali ba wanda ke yin komai a kansa. Ku sake zana allon bisa tashoshin da kuka gano a mataki na farko, kuma kowace tasha ku raba ta biyu: ana aiki, da an gama ana jiran na gaba. Haka za ku samu “ana rubuta kod” da “yana jiran bita”, “ana gwaji” da “yana jiran saki”. Gida na ƙarshe kada ya zama “an gwada”. Ya zama “yana hannun mai amfani”.

A saman kowane gida ku rubuta sharaɗin fita daga cikinsa a layi biyu ko uku. Misali, kati ba ya barin bita sai mutum na biyu ya karanta kod ɗin kuma gwaje-gwaje masu sarrafa kansu sun wuce. Rubutawar tana kashe gardamar “ai ni na ɗauka an gama”.

Sai abu mafi wuya: duk aikin da ke cin lokaci dole ya hau allo. Saƙon muryar da Oga ya turo ta WhatsApp da daddare yana neman a ɗan canza launin maɓalli, da kiran da kwastoma ya yi wa wani kai tsaye don sun saba, da rahoton da ake haɗa wa masu ba da tallafi duk ƙarshen wata, duka aiki ne. In ba su kan allo, lissafinku zai riƙa fita ba daidai ba ku rasa dalili. In ƙungiyar na zama wuri ɗaya, allon bango da ƙananan takardu masu manne ya fi kwamfuta tasiri a makonnin farko, kuma ɗauke wuta ko rashin intanet ba ya hana a gan shi.

Mataki na 3: Ku sa wa aikin da ke hannu iyaka

Wannan shi ne zuciyar lamarin, kuma shi ne inda ake samun turjiya.

Akwai ƙa'idar lissafi da John Little ya tabbatar a 1961. A tsarin da ke tafiya daidai, matsakaicin lokacin da abu ke yi a ciki shi ne yawan abubuwan da ke ciki a raba da yawan waɗanda ke fita a kowane lokaci. In kuna da katuna 30 a buɗe kuna kammala 5 a mako, kowane kati zai yi kusan mako 6. In kuka rage na buɗe zuwa 15, kuna nan dai kuna kammala 5, kowane kati zai yi mako 3. Ba a ƙaro mutum ba, ba a ƙara awa ba. Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah ya san wannan. Telan da ya yanka yadi hamsin ya fara kowanne, ranar jajibere kowa zai tarar da rigarsa ba hannu ko ba aikin wuya. Wanda yake ɗaukar biyar ya gama ya miƙa sannan ya yanka wasu, keke ɗaya ne da na wancan, amma tun kafin mako ya zagayo wasu sun karɓi nasu.

Wani zai ce ai zango kansa iyaka ne, tunda an zaɓi abin da za a yi a mako biyu. Haka ne, amma dubi abin da ke faruwa a cikinsa. Ranar farko kowa ya ɗauki katinsa ko biyu, duka aka buɗe su lokaci guda, mai gwaji na zaune mako guda ba abin yi, sannan kwana biyun ƙarshe komai ya rufto masa. Iyakar da ake magana a kanta ta kowane gida ce a kan allo, kuma tana aiki kullum. David Anderson ya gwada irin wannan a 2004 da wata ƙungiyar gyaran manhajojin cikin gida ta Microsoft, daga nan ne salon Kanban na aikin ofis, wato tafiyar da aiki da allo da katuna masu iyaka, ya samo asali.

Ga yadda za ku fara. Ku ƙirga katunan da ke buɗe yau. Kada ku sare su rabi a rana ɗaya, mutane za su firgita. Ku hana buɗe sabo har adadin ya sauko zuwa kusan yawan mutanen ƙungiyar ko sama kaɗan. Ƙungiyar mutum shida, mai kod huɗu da mai zane ɗaya da mai gwaji ɗaya, za ta iya farawa da zane 2, kod 4, bita 2, gwaji 2. Lambar kowane gida ta haɗa da katunan da ke jira a cikinsa, wannan wajibi ne, in ba haka ba sai jiran ya koma ɓuya a gefe. Ku rubuta lambobin a saman allo da babban rubutu.

Dokar ɗaya ce: ba mai tura wa na gaba aiki. Na gaba ne ke jawowa in ya samu gurbi. In gidan gwaji ya cika, mai kod da ya gama nasa ba zai buɗe sabon kati ba. To me zai yi? Da farko ya duba ko akwai kod da ke jiran bita ya karanta. In babu, ya je wurin mai gwaji ya tambaye shi abin da zai ɗauke masa. In ba hali, ya rubuta gwaji mai sarrafa kansa da zai rage wa mai gwajin nauyi gobe, ko ya zauna da wani a kwamfuta ɗaya su ƙarasa kati mai wuya. Wurin da katuna suka fi cushewa shi ke yanke saurin ƙungiyar gaba ɗaya. Duk ƙoƙarin da aka ƙara a wani wuri daban tari kawai yake ƙara masa.

Shugaba zai shigo ya ga wani bai riƙe da kati ba, ransa ya sosu. A nan ma akwai lissafin da za a nuna masa. A layi mafi sauƙi, mai ma'aikaci ɗaya da aiki ke zuwar masa ba tsari, in yana cikin aiki rabin lokacinsa, matsakaicin jira daidai yake da tsawon aiki ɗaya. In ya kai kashi 80 jiran ya ninka sau 4, a kashi 90 sau 9, a kashi 95 sau 19. Ƙungiyar da aka cika kowa maƙil ita ce ƙungiyar da komai ke daɗewa a cikinta.

Ayyukan gaggawa kuwa ba za su daina zuwa ba. Ku buɗe musu layi guda a saman allo mai ɗaukar kati ɗaya tak, ku rubuta abin da ya cancanci shiga: manhaja ta faɗi, kuɗin mutane na salwanta, doka ta sa wa'adi. In Oga ya zo da na biyu, amsar jagoran ƙungiya ba “a'a” ba ce. Cewa zai yi: “Yallaɓai, za a yi. Ga waɗanda ke hannu yanzu, wanne kake so mu ajiye?” Sau da yawa da ya ga abin da za a ajiye sai gaggawar ta ragu.

Mataki na 4: Ku daddatsa aiki, ku riƙa saki akai-akai

Iyaka ba ta da amfani in kati ɗaya aikin mako uku ne. Ku sa wa kanku ma'auni: kati kada ya wuce aikin kwana biyu ko uku. Amma yadda ake datsawar shi ne abin lura. Kada ku raba zuwa “rumbun bayanai”, “sabar”, “fuska”, don babu ɗaya a ciki da mai amfani zai iya taɓawa shi kaɗai. Ku datsa ta yadda kowane yanki zai yi wani amfani daga farko har ƙarshe. A katin rasit ɗin nan, yanki na farko shi ne uba mai ɗa ɗaya ya ga rasit ɗin biyan ƙarshe a fuskar waya. Na biyu ya iya sauke shi. Na uku ya ga na zangunan karatu da suka wuce. Na huɗu mai 'ya'ya da yawa ya ga nasu a haɗe. Wataƙila bayan na biyu a gano cewa ba wanda ke neman na uku, an huta ke nan.

Sannan ku raba saki da ƙarshen zango. Sikiram bai ce sai ranar bitar zango ake saki ba. In sakin yana ba ku tsoro, dalilin shi ne kuna tara abubuwa da yawa a cikinsa, in ya fashe ba a san wanne ne ya jawo ba. Ku koma mako-mako, daga nan sau biyu a mako. Ku rubuta duk matakan da ake bi da hannu wajen saki, kowane zango ku mayar da ɗaya ya zama na kwamfuta.

Mataki na 5: Ku juya taron safe

Maimakon zagaye ana tambayar kowa abin da ya yi jiya, ku tsaya gaban allo ku fara daga dama, daga katin da ya fi kusa da fita. Tambayar ita ce me ya rage wannan ya fita yau, kuma wa zai taimaka. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya zuwa hagu. Kowane kati a rubuta masa ranar da aka fara shi, wanda ya fi tsufa shi ke da haƙƙin a fara magana a kansa. Wanda ya maƙale a liƙa masa jar takarda da dalili da sunan mai bibiya. Minti 15 ɗin sun isa.

Mataki na 6: In an ga aibi, a tsaya

Masaƙar da Sakichi Toyoda ya kammala a 1924 tana tsayawa da kanta in zare ya tsinke, don kada ta ci gaba da saƙa yadi mai aibi. Daga wannan tunanin ne aka samu igiyar da ke rataye a layin haɗa motocin Toyota, wadda kowane ma'aikaci ke da ikon ja in ya ga matsala. Ja ɗin yana kiran shugaban rukuni nan take, in ba a warware ba layin ya tsaya. Kamfanin General Motors ya rufe masana'antarsa ta Fremont a Kalifoniya a 1982, tana cikin mafi munin suna a wajen inganci da rikicin ma'aikata. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota da sunan NUMMI, akasarin ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan wurin ne, ba a jima ba ingancin motocinta ya shiga sahun gaba a kamfanin. Mutanen ba su canza ba, tsarin da suke aiki a cikinsa ne ya canza.

A wurinku igiyar ita ce gwajin da ke gudana duk lokacin da aka haɗa sabon kod. In ya nuna ja, ba wanda zai ƙara haɗa komai har sai an gyara, kuma gyaran ya fi duk wani kati muhimmanci. Kuskuren da aka gano a katin da ke hannu a gyara shi a cikin katin, kada a buɗe masa wani a jefa a layi. Kuma ƙaramin ma'aikacin da ya zo jiya yana da ikon cewa a dakata. In ya faɗa aka harare shi, ba zai sake ba, saura ma sun ɗauki darasi.

Bayan an kashe wutar, ku zauna minti talatin ku bi “me ya sa” har ku kai tushe, kamar yadda Ohno ya koyar da a maimaita tambayar sau biyar. Rasit ya fita da kuɗin da ba daidai ba. Me ya sa? Ba a cire rangwamen ɗa na biyu ba. Me ya sa? Mai kod bai san da rangwamen ba. Me ya sa? Ba ya cikin kati. Me ya sa? Ma'ajin makaranta ta waya ya faɗa, ba a rubuta ba. To me ya sa gwaji bai kama ba? Duk iyalan da ke cikin bayanan gwaji ɗa ɗaya gare su. Gyara biyu suka fito: a ƙara iyalai masu 'ya'ya da yawa a bayanan gwaji, kuma duk katin da ya shafi kuɗi ba ya shiga aiki sai da misali mai lambobi daga ma'aji. In amsarku ta ƙare a kan “wane ne bai kula ba”, kun tsaya da wuri.

Mataki na 7: Ku share rumbun buƙatu

Rumbun buƙatu, wato jerin ayyukan da ke jiran a fara su, in yana da katuna ɗari uku ba tsari ba ne, alkawura ne da ba za a cika ba. Ku raba yawansu da abin da kuke kammalawa a mako. In amsar ta fi wata uku ko huɗu, mai riƙe da akalar manhaja ya zauna ya rufe na ƙasa, ya sanar da masu su. Abin da ke da muhimmanci zai dawo da kansa.

Kada kuma a ɓata lokaci wajen rubuta cikakken bayani da ƙiyasi ga katin da ba za a taɓa ba sai bayan wata biyu, kafin lokacin buƙatar ta sauya. A shirya na zango ɗaya ko biyu masu zuwa kawai. Haka ma shawarar da ke da wuyar warwarewa, kamar zaɓen kamfanin da kuɗi za su riƙa bi ta hannunsa: a jinkirta ta zuwa lokacin da ƙarin jinkiri zai fara jawo asara, a yi amfani da tazarar wajen ɗan gwada biyu. Ku sa wa jinkirin rana a kalanda, in ba haka ba ya zama sakaci.

Mataki na 8: Ku auna kwanaki, ku rage dogaro da maki

Makin da ake ba katuna a taron ƙiyasi yana da amfani wajen tayar da muhawara kan girman aiki, amma da zarar shugaba ya fara kwatanta makin wannan zango da na wancan, sai maki ya fara kumbura. Kwastoma bai san maki ba, rana ya sani. Abu uku sun ishe ku, kuma shafin Excel ɗaya zai ɗauke su: katuna nawa ke buɗe, nawa aka kammala a mako, da kwanakin da kowane kati ya yi daga farawa zuwa isa hannun mai amfani.

Kada ku yi alkawari da matsakaici, domin katuna da dama za su wuce shi. Ku ɗauki katuna 20 na baya-bayan nan, ku jera kwanakinsu daga ƙarami zuwa babba, ku dubi na 17. In shi ne kwana 9, kuna iya cewa kashi 85 cikin 100 na aikinku na fita cikin kwana 9 ko ƙasa da haka. Wannan ita ce amsar “yaushe zan samu?” Lambar tana da wani amfanin a taron safe: duk katin da ya kai kwana 6 ko 7 bai kusa fita ba, a taru a kansa tun bai wuce ba. Abin da ba a yi da waɗannan lambobi shi ne auna mutum ɗaya. Ranar da aka fara cewa wane ya fi wane yawan katuna, ba mai sake barin nasa ya taimaki wani.

Mataki na 9: Gyara ɗaya a kowane zango

Zaman waiwaye na ƙarshen zango ya kan ƙare da jerin ƙorafi goma da ba a sake waiwayarsu. Ku shigo da lambobinku, ku zaɓi jira ɗaya mafi tsawo, ku tsara gwaji ɗaya a kansa: abin da za a canza, abin da ake sa ran gani, da ranar dubawa. Misali, duk kod da aka miƙa kafin azahar a yi bitarsa a ranar, ana sa ran jiran bita ya sauko daga kwana biyu zuwa ƙasa da ɗaya. Gwajin ya hau allo a matsayin kati, yana cin gurbi kamar kowane aiki. A zama na gaba da shi za a fara: in ya yi, a rubuta shi a saman gidan ya zama doka, in bai yi ba a watsar.

Abu biyu ke lalata wannan tafiyar. Na farko, a mayar da rage ɓarna ya zama rage ma'aikata. In mutane suka ga gyaran da suka kawo ya ci aikin ɗan'uwansu, ba wanda zai ƙara nuna inda ake asara. Na biyu, a manta cewa gina manhaja ba haɗa mota ba ne. A layin mota ana maimaita abu ɗaya ne, a manhaja kuwa kowane kati sabo ne, kuma zanen da aka gwada aka jefar bayan ya nuna hanyar da ba ta ɓullewa ba ɓarna ba ne.

A makonni biyu ko uku na farko allon zai yi muni. Gidan bita ko na gwaji zai cika, masu kod za su riƙa cin karo da iyaka, wani zai kawo shawarar a ɗaga lambar. Kada ku ɗaga a cikin zango. Ku rubuta duk lokacin da aka ci karo da ita da abin da ya jawo, ku kawo zaman waiwaye. In ba a taɓa cin karo da iyakar wani gida ba, ta yi yawa, ku rage ɗaya. In kuwa kullum mutum biyu ko uku na rasa abin yi bayan sun taimaka a bita da gwaji, ku ƙara ɗaya a gidan da ya hana su, ku bar sauran yadda suke har zango biyu su wuce kafin ku sake taɓa wata lamba.